Sulusin Lombardawa: Al'ummar Da Ta Yi Shekara 120 Tana Buga Zinariya Da Sunan Abokin Gabarta

Duk wanda ke cin kasuwar bakin iyaka, ko a Birnin Ƙonni ne, ko Ɗan Isa, ko Magarya, ko Gaya, ya san abin da ɗan canji ke fara yi idan an miƙa masa takardar kuɗi. Zai murza ta, ya ɗaga ta sama ya duba, sannan ya faɗi farashin da ta kwana a kai. Hoton wanda ke jikin takardar bai dame shi ba. Gwamnati ce ke buga kuɗi, amma kasuwa ce ke yanke masa daraja, kuma wannan al'amari ba yau ya fara ba. Domin haka ne a wannan karo za mu leƙa ƙasar Italiya ta shekaru fiye da 1,400 da suka wuce, mu ga abin da ya faru da kuɗin zinariyar wata al'umma da ake kira Lombardawa, waɗanda suka shafe shekara 200 suna gaba da maƙwabtansu, suna kuma ciniki da su.

Su wane ne Lombardawa?

Lombardawa mayaƙa ne masu magana da wani harshe dangin Jamusanci. A shekarar 568, wato kimanin shekara biyu kafin haihuwar Manzon Allah (SAW), sarkinsu Alboyin ya taso da su daga yankin da ake kira Hangari a yau, da mata da yara da dabbobi, suka ƙetare duwatsu suka faɗa arewacin Italiya. Marubucin tarihinsu, Bulus Dikon, wanda ya rayu a ƙarni na 8, ya ce dogayen gemun mazajensu ne suka jawo masu wannan suna. Har gobe jihar da birnin Milan yake cikinta Lombardiya ake ce mata.

A lokacin nan Italiya tana hannun Rumawa ne, wato daular da ke da mazauni a Kustantiniyya, birnin Istanbul na yanzu. Su ne Rumawan da sura ta 30 ta Alƙur'ani mai girma ke ɗauke da sunansu. Lombardawa suka ƙwace arewa, birnin Pavia ya faɗa hannunsu a 572, daga baya ya zama fadar sarkinsu. Wasu hakimansu suka nausa kudu suka kafa nasu mulkin a Spoleto da Benevento. To amma Rumawa ba su tafi ba. Sun ci gaba da riƙe Ravenna da Roma da Napoli da tsibirin Sisili da mafi yawan gaɓar teku. Ke nan ƙasa guda ta zama iyakoki barkatai: manomi yana ƙasar wannan sarki, tashar jirgin ruwan da kayan waje ke sauka tana ƙasar wancan.

Kuɗin da suka tarar

Babban kuɗin Rumawa shi ne wata ƙwandalar zinariya mai suna solidus, wadda Sarki Kustantin ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na 4. Daga awon zinariya guda na Rumawa ana fitar da solidus 72, kowace da nauyin giram huɗu da rabi, kusan zinariya zalla. Ita ce kuɗin da duniyar wancan zamani ta yarda da shi, har ma dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin miskali ɗaya, a kan ma'auninta ya taso. Akwai kuma ƙanwarta da ake kira tiremisis, wadda ke daidai da kashi ɗaya cikin uku na solidus, giram ɗaya da rabi. Da Hausa sai mu ce sulusi, kuma haka za mu riƙa kiran ta a nan. Wannan sulusi shi ne kuɗin da Lombardawa suka fi bugawa.

Abin mamaki shi ne, da suka fara buga sulusin, ba su sa sunan sarkinsu ba. Sunan Sarkin Rum suka sa, da hotonsa, mutumin da suke yaƙi da sojojinsa. Sun fara da kwaikwayon kuɗin Jastiniyan da na Jastin na Biyu, sannan na Moris, wanda ya yi mulki daga 582 zuwa 602. A yankin Tuskaniya kuwa, wajen birnin Lucca, kuɗin Hiraƙla suka kwaikwaya, wato Sarkin Rum ɗin nan da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa, da na jikansa Konstans na Biyu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mutanen da suka ci ƙasa da takobi za su buga kuɗi da sunan wanda suka kora? Amsar tana kasuwa. Wani marubucin Rumawa na ƙarni na 6 mai suna Prokopiyus ya ba da labarin yadda aka ɗauki abin a matsayin rashin kunya lokacin da sarakunan Faranka, wato kakannin Faransawa, suka fara sa hotonsu a kan zinariya. A ganinsa, ko sarki yana da tulin zinariya, ba ya iya tilasta wa fatake su karɓi ƙwandalar da ba su saba da ita ba. Lombardawa sun gane wannan. Wanda zai sayar masu da kaya daga ƙetaren iyaka hatimin Rum ya sani, domin haka hatimin Rum suka buga.

Har bayan da aka kashe Moris a 602, maƙeran arewacin Italiya sun ci gaba da buga sunansa shekara da shekaru. Da yake kowane maƙeri daga aikin na gabansa yake kwafa, sai haruffan suka yi ta lalacewa har suka koma zane-zanen da ba sa karantuwa. Ƙwandalar ta yi ta faɗi tana sirancewa, har hoton gefe guda yana nunawa ta ɗaya gefen. Dattawan kasuwanninmu ba za su ji wannan labari baƙo ba. Dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda ta yi yawo a Barno da ƙasar Hausa a ƙarni na 19, duk shekarar 1780 ke rubuce a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, ko da kuwa bayan shekara ɗari aka buga ta. Daga baya ma har a Landan da Paris da Roma da Bombay an buga ta, ba a taɓa hoton ko shekarar ba, domin da zarar an sauya wani abu kasuwa za ta ƙi karɓa.

Hannun mai jabu, da diyyar haƙori

Ko da yake sunan na aro ne, sarkin Lombardawa bai bar harkar kuɗi sakaka ba. A shekarar 643 Sarki Rotari ya sa aka rubuta dokokin al'ummarsa a karon farko, babi 388. Babi na 242 ya tanadi yanke hannun duk wanda ya sarrafa zinariya ko ya buga kuɗi ba da umurnin sarki ba.

Wannan kundi kuma ya nuna mana abin da ake yi da zinariyar. Ba kuɗin cefane ba ne. Kuɗin sayen gona ne, da biyan tara, da diyya, da ajiya. Wanda ya fasa wa ɗa haƙorin gaba, irin wanda ake gani idan an yi murmushi, zai biya solidus 16. Turmin haƙori kuwa solidus 8. Sarkin ya bayyana cewa ya ƙara kuɗin diyya ne da gangan, domin wanda aka zalunta ya karɓi haƙƙinsa ya haƙura da ɗaukar fansa.

Sai dai a lura da wani abu. Doka da solidus take lissafi, alhali a arewacin Italiya sulusi ne ke hannun mutane. Idan alƙali ya ce solidus 16, sai a ƙirga sulusi 48 a bayar. Solidus ta zama kuɗin baki kawai, kamar dai yadda muke cewa dala ashirin alhali ƙwandalar sefa ɗari muke nufi, ko yadda dattawa a ƙetaren iyaka suka daɗe suna lissafi da fam da sule bayan naira ta zo a 1973.

Sarkin da ya cire rigar aro

Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A tsawon ƙarni na 7 sulusin Lombardawa ya yi ta rasa kyansa, zinariyar da ke ciki tana raguwa. Wajen shekarar 680 aka yi sulhu tsakaninsu da Rumawa, abin da ya nuna Kustantiniyya ta haƙura da cewa Lombardawa sun zauna ke nan. Sai ga Sarki Kunipert, wanda ya yi mulki daga 688 zuwa 700. Da farko wani hakimi mai suna Alahis ya yi masa tawaye har ya kore shi daga fada, amma ya dawo ya murƙushe shi a fagen fama. Bayan ƙura ta lafa ne ya yi wa kuɗi gyaran da ya raba su da na Rum. Ya sa sunansa da muƙaminsa na sarki da haruffan da ke karantuwa sarai. A bayan ƙwandalar ya sa siffar Mala'ika Mika'ilu, wanda Lombardawa, da yake a lokacin Kiristoci ne, suka ɗauka a matsayin majiɓincin mayaƙansu.

Abin da ya fi suna da hoto muhimmanci shi ne, ya mayar da zinariyar kusan zalla, sama da kashi 90 cikin ɗari. Kunipert ya san cewa sabon suna ba shi da tarihi a kasuwa, domin haka dole ƙarfen ya tsaya masa. Duk maƙerin da ya goga ƙwandalar a dutsen gwaji zai ga shaida da idonsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wannan fasali ya ɗore, magadansa suka ci gaba da shi, ciki har da Liyutprand, wanda ya yi mulki daga 712 zuwa 744, sarkin da ya fi kowa daɗewa da ƙarfi a tarihinsu.

Gishiri, takardar wucewa da askin ƙwal-kwabo

Yaya ciniki yake a irin wannan ƙasa mai iyakoki? Akwai wata yarjejeniya da ta rage daga zamanin Liyutprand, tsakaninsa da mutanen Komakiyo, wani garin masu gishiri a bakin kogin Po, wanda ke ɓangaren Rumawa. An ba su izinin hawa kogin da jiragensu zuwa cikin ƙasar Lombardawa, aka kuma jera tashoshin da za su tsaya da abin da za su biya a kowace. Yawancin harajin da gishirin kansa ake biya, a wata tashar har da mai da masoro, sannan da kuɗin ɗaure jirgi a turke. Wato sarki ya san talakawansa ba za su ci miya ba gishiri ba, kuma gishirin yana hannun maƙwabcin da ba a jituwa da shi.

Idan dangantaka ta yi tsami kuwa, sai a ƙulle. A 746 Sarki Ratkis ya kafa dokar tsaurara tsaro a mashigan iyaka: ba mai shiga, ba mai fita sai da hatimi ko wasiƙar sarki, kuma masu ziyarar ibada zuwa Roma sai an yi masu tambayoyi an ba su takardar wucewa. A 750 ɗan'uwansa Aistulf, wanda ya gaje shi, ya ƙara da cewa duk wanda ya yi ciniki da Rumawa ba da yardar sarki ba a lokacin da ake rigima da su, idan talakan soja ne, za a ƙwace dukiyarsa, a aske masa kai, a zaga gari da shi yana shelar laifinsa da bakinsa. Wanda ya ga rufe iyakar Nijeriya daga 2019 zuwa 2020, ko wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya san cewa idan sarakuna suka yi faɗa, a kan ɗan kasuwa ake fara hucewa.

Dokokin Aistulf ɗin nan sun kuma nuna irin ƙarfin da fatake suka yi. An kasa su gida uku domin hidimar yaƙi. Manyan attajirai su zo da sulke da doki da garkuwa da mashi, masu bi masu su zo da doki da garkuwa da mashi, ƙanana kuma kwari da baka. An daidaita babban falke da mai manyan gonaki, ko da kuwa ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa.

Algus ya shiga

Gyaran Kunipert bai yi nisa ba aka fara yi masa zagon ƙasa. Tun a zamanin Liyutprand aka soma ƙara azurfa da jan ƙarfe a cikin narkakkiyar zinariya. Zinariya ta yi ƙaranci a duk yammacin Turai a wannan zamani. Faranka da Ingilawa tuni suka bar ta suka koma azurfa tun wajen shekarun 670, kuma hatta gidajen buga kuɗin Rumawa da ke Italiya sun rage kyan tasu. Ga kuma yaƙi. Aistulf ya ci Ravenna a 751, ya matsa wa Paparoma, shi kuma ya nemi agaji wurin Pepin, sarkin Faranka. Sau biyu Pepin na ƙetaro duwatsu da runduna, kuma bayan karo na biyu, a 756, sai da Aistulf ya miƙa sulusin dukiyar baitulmalin Pavia.

A zamanin Desideriyus, sarkinsu na ƙarshe, wanda ya hau a 757, an cire hoton sarki da na mala'ika. Aka koma wani fasali mai kuros a gefe guda da tauraro a ɗaya gefen, tare da sunan garin da aka buga ƙwandalar: Pavia, Milan, Lucca, Pisa, Treviso, Piacenza da sauransu. Gidajen buga kuɗi sun yawaita, amma sulusin ya ragu zuwa wajen giram ɗaya, kuma zinariyar da ke cikinsa ba ta kai rabi ba. Launinsa ma ya kwaɗe. Sunan dai yana nan, sulusi, kuma a takarda uku ne ke yin solidus, amma wanda ya ba da bashi a zamanin Kunipert, jikansa ya karɓa a zamanin Desideriyus, bai karɓi ko rabin zinariyar kakansa ba.

A 774 Sharlaman, ɗan Pepin, ya ci Pavia, ya naɗa kansa sarkin Lombardawa. Shi ma da farko bai taɓa kuɗin ba, sunansa kawai ya sa a gurbin na Desideriyus. Wajen 781 ne ya soke tsohon kuɗin, ya shigo da ƙwandalar azurfa mai suna denariyus, wadda daga tsohon sunanta ne kalmar dinari ta fito. Daga nan arewacin Italiya ya yi sallama da buga zinariya ta ciniki na tsawon ƙarnoni, sai a 1252 da biranen Janowa da Fulorans suka dawo da ita.

Jakar da aka tono a Ilanz

A 1904 an tono wata ajiya kusa da garin Ilanz a gabashin Suwizalan, kan hanyar da ke ratsa duwatsu tsakanin Italiya da ƙasashen arewa. An binne ta ne a ƙarshen ƙarni na 8. A ciki akwai sulalla fiye da ɗari: sulusin Desideriyus, da na Sharlaman, da azurfar Faranka, da kwabban Sarki Offa na Ingila, har da dirhami biyu na Larabawa. Duk ɗan canjin da ya ji wannan jeri zai gane jakar ɗan'uwansa. Mai ita yana riƙe da kuɗin sarakuna daban-daban, na Kirista da na Musulmi, na mai ci da na wanda aka tuɓe. Kuma ya ci gaba da adana sulusin bayan doka ta soke shi, domin ko an hana karɓarsa a kasuwa, ɗan abin da ya rage na zinariya a cikinsa yana nan, maƙeri zai saya.

Kudu: gemu da rubu'in dinari

Lombardawan kudu ba su faɗi tare da Pavia ba. Hakiman Benevento tun wajen shekarar 700 suke buga solidus da sulusi irin na Rum, sai dai su saka harafin farko na sunansu a gefe, kamar yadda falke ke yi wa buhunsa alama. A 788 Sharlaman ya saki Girimowald na Uku, ɗan sarkin Benevento da yake riƙe da shi garkuwa, ya koma ya gaji mahaifinsa bisa sharuɗɗa, ciki har da sa sunan Sharlaman a kan kuɗi da takardun mulki, da kuma sa mutanensa su aske haɓa. Girimowald ya sa sunan na ƴan shekaru, da ya ji ƙafarsa ta kafu sai ya goge. A nan ma algus ya yi ta ƙaruwa, aka kuma yi yaƙin basasa bayan 839 wanda ya raba ƙasar biyu, Benevento da Salerno. Kafin tsakiyar ƙarni na 9 ya wuce, wannan zinariya ita ma ta ƙare.

Labarin bai tsaya nan ba. A ƙarni na 11 sarakunan Lombardawa na Salerno sun sake buga zinariya, kuma sun sake aron suna, amma a wannan karo na Musulmi. Kuɗin da ke ci a kasuwannin kudancin Italiya a lokacin shi ne rubu'in dinari na daular Faɗimiyya, wanda ke shigowa daga Sisili da arewacin Afirka, mutanen Italiya suna kiran sa tari. Sai Salerno da maƙwabciyarta Amalfi suka kwaikwayi na Halifa al-Mu'izz, wanda ya rasu tun 975, da rubutun Larabcinsa, maƙeran da ba su iya karatun ba suna zana haruffa yadda idonsu ya gani. Kaso mai yawa na zinariyar da Faɗimawa ke buga kuɗi da ita kuwa daga Afirka ta Yamma raƙuma ke ɗauko ta, su ratsa Sahara zuwa Sijilmasa. Ke nan kyan zinariyar da aka haƙo a wannan yanki namu yana daga abin da ya sa Kiristan Salerno ya ga gara ya buga kuɗinsa da haruffan Larabci.

Abin da ya rage a ma'auni

Daga Alboyin zuwa sarakunan Salerno, shekara 500 ke nan, kuma a duk tsawonsu mai saye da mai sayarwa ne ke da maganar ƙarshe a kan kuɗi. Lokacin da suka yarda da Rum, Lombardawa sun buga Rum. Da suka koma ga dinarin Musulmi, an buga masu dinarin. Sarkin da ya so a karɓi sunansa sai da ya cika ƙwandalar da zinariya, waɗanda suka rage ta kuma ba su daɗe ba kuɗinsu ya bi su.

Bambancinmu da mai jakar Ilanz guda ne, kuma babba ne. Shi idan sarki ya rage kuɗi ko ya soke shi, yana da sikeli da dutsen gwaji, yana da ƙarfen da zai narkar. Mu takarda ce a hannunmu. Waɗanda suka kwana da sefa a watan Janairun 1994 sun wayi gari ta rasa rabin darajarta a gaban kuɗin Faransa, kuma waɗanda sauyin takardun naira ya rutsa da su a farkon 2023 da buhunan tsofaffin kuɗi a wannan gefen iyaka ba su manta wahalar da suka sha ba. Shi ya sa tsofaffin fatake ba sa barin jarinsu duka ya kwana a kuɗin ƙasa guda, wani a sefa, wani a naira, wani a hatsi ko dabba ko ƴar zinariyar uwargida. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.